Kiɗan Jaz a Kunnen Bahaushe

Wanda ya taso daga Gwaram ya nufi Birnin Kudu, idan ya ratse zuwa duwatsun da ke kewaye da garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, zai tarar da abubuwan mamaki iri biyu. Na farko shi ne zane-zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin kogo. Na biyu kuwa wasu falalen duwatsu ne waɗanda idan aka buga su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar kuge, kuma kowane gurbi da irin amon da yake bayarwa, wani siriri, wani kakkaura. Wani masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarin waɗannan duwatsu a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma buga rahotonsa a 1956. Ramukan da ke jikinsu, waɗanda yawan bugu ya haƙa, shaida ce cewa mutanen wannan yanki sun daɗe suna jera sauti bisa tsari, suna jin daɗinsa ko da babu wata kalma a cikinsa.

Duk da haka, a yau idan aka kunna wa ɗan wannan yanki faifan jaz, da wuya ya yi minti biyu bai ce a sauya ba. Wani ya ce hayaniya ce, wani ya ce ai wannan shi ne kiɗan da gidan rediyo ke cike gurbi da shi kafin lokacin labarai ya yi. Dalilin ba boyayye ba ne. Bahaushe ya saba bin waƙa ta hanyar maganar da ke cikinta, wato kirari da zambo da habaici da azanci, shi kuwa jaz mafi yawansa busa ce da kiɗa zalla. To amma abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, wanda ya iya sauraron Shata ko mai goge ya riga ya mallaki rabin abin da ake bukata. Sauran rabin ɗan ƙidaya ne da sanin yadda na'urar ɗaukar sauti take aiki.

Inda abin ya samo asali

An haifi jaz a birnin Niyu Oliyans da ke kudancin Amurka, a wajajen farkon ƙarni na ashirin, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A wannan birni akwai wani fili da ake kira Dandalin Kwango, inda a ƙarni na goma sha tara aka yarje wa bayi su taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na gida. A wasu sassan ƙasar kuwa hana su ganga aka yi ƙememe, kamar yadda dokar Karolina ta Kudu ta 1740 ta tanada bayan tawayen bayi na 1739, domin iyayen gijinsu sun fahimci cewa ganga tana iya isar da saƙo. Inda aka hana ganga, sai murya da kayan tsirkiya suka ɗauki nauyin. Daga waƙoƙin gona da na coci da wata waƙar koke da ake kira buluz, haɗe da kayan busar badujala na Turawa da fiyano, aka sami wannan sabon kiɗa.

Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 a kan Afirka da buluz, ya kawo hujjojin cewa salon rera buluz ya fi kama da na ƙasashen da ke kudu da Sahara, daga Senigal zuwa arewacin Nijeriya da Kamaru, fiye da na bakin teku inda ganguna suka fi rinjaye. Cikin misalan da ya kafa hujja da su har da wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru. Haka nan banjo, wadda ake ji a tsofaffin faya-fayan jaz, asalinta ƙwarya ce da aka rufe da fata aka soka mata sanda, ƙira ɗaya da gurmin da Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi. Sai dai a nan ya kamata a yi hattara. Wasu marubuta kan yi zumuɗi su ce jaz namu ne aka sace. Wannan wuce gona da iri ne. Baƙaƙen Amurka ne suka ƙirƙire shi daga wahalarsu da basirarsu, mu dai dangi ne ta wajen kakanni, kuma dangantakar ta isa ta sauƙaƙa mana sauraro.

Gindi da ɗiya

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun raba waƙa gida biyu: gindi, wanda ake farawa da shi kuma ake komawa gare shi, da ɗiya, waɗanda jagora ke jerawa ɗaya bayan ɗaya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da cewa yakan ƙera ɗiyan waƙa nan take a gaban jama'a, ta yadda idan ya rera waƙa guda a wurare biyu ba za ta fito iri ɗaya ba, alhali gindinta da kiɗan kalangunta suna nan yadda suke. Wannan shi ne tsarin jaz baki ɗaya. Makaɗa za su fara busa gindin tare, sa'an nan kowane ɗaya ya karɓa shi kaɗai ya ƙirƙiri nasa ɗiyan nan take, sauran suna riƙe masa kiɗa, daga ƙarshe a koma gindi a rufe. Bambancin kawai shi ne ɗan jaz da ƙaho yake magana.

Abin da ke ruɗa sabon mai sauraro shi ne yana ganin kamar mai busa yana tafiya ne kara zube. Ba haka ba ne, akwai awo. Mai karatu ya buga ƙafarsa daidai da kiɗan, ya ƙidaya ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan bugu huɗu shi ne gaɓa ɗaya. Kiɗan buluz gaɓa 12 ne, an raba shi layi uku, kowane layi gaɓa huɗu: a faɗi magana, a maimaita ta, sa'an nan a kawo amsarta. Ɗaya tsarin da ya yawaita gaɓa 32 ne, kashi huɗu masu gaɓa takwas-takwas, inda na farko da na biyu da na huɗu suke iri ɗaya, na uku ne kawai yake bauɗewa. Idan an kai ƙarshen gaɓa 12 ko 32 an yi zagaye ɗaya ke nan, sai a sake komawa farko. Duk abin da mai busa zai yi, a cikin wannan zagaye yake yinsa, kamar masaƙi da ke sauya launin zare amma faɗin ƙwaryar saƙarsa bai canza ba. Ranar da mutum ya fara gane inda zagaye yake ƙarewa ba tare da ya ƙidaya ba, ranar ce hayaniyar take zama zance a kunnensa.

Sautin da ke tsakanin sautuka

Sauti kaɗawar iska ce. Idan tsirkiya ta kaɗa sau 440 a cikin sakan ɗaya, masana kimiyya sukan ce sautin haz 440 ne. Idan ta kaɗa sau 880, kunne zai ji sauti iri ɗaya amma ya fi siranta, kamar yadda yaro da babba ke rera waƙa guda kowa da muryarsa. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa zuwa matakai 12 daidai wa daida, kowane mataki ya ɗara na ƙasa da shi da kusan kashi shida cikin ɗari, kuma a kan wannan rabo aka ƙera fiyano. Alal misali, idan aka fara daga maɓallin da ke ba da haz 262, hawa mataki uku zai kai mutum 311, hawa huɗu kuma 330. Tsakanin 311 da 330 fiyano ba shi da abin cewa.

Mawaƙin buluz kuwa a wannan tsakanin yake zaune. Yakan kamo sautin daga ƙasa ya ja shi sama, ko ya sake shi ya zame, ba tare da ya tsaya daram a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Masu nazarin kiɗa na Turai da suka fara jin wannan sun ɗauka kuskure ne. Mu kuwa babu baƙon abu a nan. Goge da kukuma ba su da wasu matakai a jikinsu, yatsa ne ke zamewa a kan izga, shi ya sa kukumar Ahmadu Doka ke iya kwaikwayon hawa da saukar muryar mutum. Masu busa a jaz da leɓe da maƙogwaro suke yin wannan lanƙwasa, mai fiyano kuma, tun da ba shi da hali, sai ya danna maɓallai biyu maƙwabta a tare domin ya nuna wa kunne cewa abin da yake nufi yana tsakaninsu.

Abu na biyu shi ne abin da za mu iya kira rangaji. A kiɗan badujala ana raba kowane bugu biyu daidai. A jaz rabin farko ya fi na biyu tsawo, sai tafiyar ta zama dogo, gajere, dogo, gajere, kamar sukuwar doki. An daɗe ana koyar da cewa dogon ya ninka gajeren sau biyu cif. Amma wasu masu bincike biyu a ƙasar Suwidin, Anders Friberg da Andreas Sundström, sun auna faya-fayan manyan makaɗa suka buga sakamakon a 2002. Sun gano cewa rabon yana sauyawa da saurin kiɗa: a kiɗa mai nawa dogon kan kai ninki uku ko fiye, a mai tsananin sauri kuwa su biyun sukan kusan zama daidai. Ke nan rangaji ba abin da ake rubutawa a takarda ba ne a ce an gama, a jiki yake, kamar yadda ba a koyon kiɗan kalangu daga littafi.

Abin da na'ura ta ji da abin da ba ta ji ba

Faifan jaz na farko an ɗauke shi a Niyok ranar 26 ga Fabrairu, 1917, kuma abin takaici ƙungiyar Turawa ce, Original Dixieland Jass Band, ta sami wannan dama, ba waɗanda suka ƙirƙiri kiɗan ba. A lokacin babu makirufo. Makaɗa sukan taru a gaban wani ƙaton mazurari, ƙarfin sautinsu ya kaɗa wata 'yar fata a ƙarshensa, fatar ta motsa allura, allurar ta yi zane a kan kakin zuma. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa 20,000, amma wannan na'ura abin da take kamawa bai wuce daga kimanin 250 zuwa 2,500 ba. Saboda haka bas, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa, wanda kakkauran sautinsa ke sauka har haz 41, kusan ba ya fitowa. Babbar ganga kuma injiniyoyi suna tsoron kada ta sa allura ta yi tsalle. Shi ya sa a faya-fayan da King Oliver ya yi a 1923, inda aka fara jin Louis Armstrong, mai ganga Baby Dodds yawanci 'yan katakai yake ƙwanƙwasawa. Wanda ya ji waɗannan faya-fayai ya ce kiɗan ba shi da nauyi, na'ura yake zargi bai sani ba.

A 1925 aka fara ɗauka da makirufo da lantarki, sauti ya buɗe. Sai dai wata matsalar ta rage. Faifan garmaho na wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Makaɗin da a gidan rawa yake iya yin zagaye goma, dole ya faɗi abin da zai faɗa a zagaye ɗaya ko biyu. A ganina wannan ƙunci alheri ya zama, domin ya koya musu taƙaita magana. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda fuska ɗaya ke ɗaukar minti ashirin ko fiye.

Wannan bayani yana da amfani ga mai sauraro na yau. Lasifikar wayar hannu ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya tura iskar da za ta fitar da kakkauran sauti, don haka wanda ya saurari jaz da ita ya mayar da kansa zamanin mazurari. A nemi abin sawa a kunne, ko rediyo mai babbar lasifika, a kuma zaɓi lokacin da gari ya yi tsit.

Faya-fayai biyu don gwaji

Na farko shi ne West End Blues, wanda Armstrong ya ɗauka a Shikago ranar 28 ga Yuni, 1928. Tsawonsa minti uku ne da 'yan sakanni. Yana buɗewa da ƙahon Armstrong shi kaɗai, ba ganga ba fiyano, yana gangarowa ya sake hawa har ƙololuwa cikin abin da bai fi sakan goma sha biyar ba, kamar kirarin da sanƙira ke yi kafin makaɗa su sa hannu. Daga nan mai karatu ya fara ƙidaya, domin buluz ne mai gaɓa 12, kuma zagaye biyar ne. A na farko ana busa gindi. A na biyu mai dogon ƙaho ya karɓa. Zagaye na uku shi ne wanda Bahaushe zai fi saurin ganewa: mai busa kilarinet, Jimmy Strong, yana faɗa, Armstrong yana amsa masa da murya, ba da wata kalma ba, da sauti kawai, a hankali kamar mai lallashin yaro. Jagora da ɗan amshi ke nan. Na huɗu na Earl Hines ne a kan fiyano. A na biyar Armstrong ya kama sauti guda siriri ya riƙe shi kusan gaɓa huɗu bai saki ba, har mai sauraro ya fara jin numfashinsa na ɗaukewa, sa'an nan ya sako shi ya zubo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ya san abin da dogon sauti ke yi wa ƙirjin mutum. Hasali ma dabarar mai algaita ta shaƙar iska ta hanci alhali kumatu na ci gaba da busa, wasu 'yan jaz sun ƙware a kanta, irin su Harry Carney na ƙungiyar Duke Ellington da Rahsaan Roland Kirk.

Na biyu shi ne So What, kiɗan farko a kundin Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a 1959. A nan dogon faifai ya ba da sarari, kiɗan ya haura minti tara. Bayan 'yar shimfiɗa, mai bas Paul Chambers ne ke yin kira, sauran su amsa da sauti biyu tak. Gaɓa 32 ne: goma sha shida a kan tsanin sauti guda, takwas a hau mataki ɗaya, takwas a dawo. Wannan hawa da saukar ana jin su sarai, kamar an buɗe taga an rufe. Abin lura shi ne halin kowane mai busa. Davis mai tsimin magana ne, yana faɗin kaɗan ya yi shiru, kuma shirun nasa yana cikin zancen. John Coltrane ya biyo shi da saksofon kamar ruwan sama mai ƙarfi, sa'an nan Cannonball Adderley ya zo da fara'a da zaƙin baki. Hanya ɗaya suka bi su uku, amma ba mai tafiyar wani. Shawarata ita ce a saurare shi sau uku: da farko a bi masu busa, na biyu a toshe kunne daga gare su a bi bas kaɗai, na uku a bi ƙarar faifan tagulla da Jimmy Cobb ke kaɗawa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai zamanin manyan ƙungiyoyi na Ellington da Count Basie, da kuma salon bibop mai tsananin gudu na Charlie Parker da Dizzy Gillespie a shekarun 1940. Kada sabon shiga ya fara da Parker, zai gaji.

Da jaz ya waiwayo gida

'Yan jaz ba su manta da wannan ɓangare na duniya ba. A 1954 Sonny Rollins ya tsara wani kiɗa ya sa masa suna Airegin, wanda idan aka karanta shi daga dama zuwa hagu sunan Nijeriya ne a rubutun Ingilishi. A watan Oktoba na 1960, 'yan makonni bayan samun mulkin kai, Armstrong ya zo Nijeriya da ƙungiyarsa, har akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. A 1962 mai ganga Art Blakey ya fitar da kundin The African Beat tare da makaɗin Nijeriya Solomon Ilori.

Cikin waɗanda suka yi busa a wannan kundi akwai Yusef Lateef, kuma shi ne wanda ya fi kowa kusantar mu. An haife shi a 1920, ya girma a birnin Ditiroyit, ya musulunta, ya yi aiki da Gillespie da Charles Mingus da Adderley. Tun a shekarun 1950 ya fara shigo da kayan busar Gabas cikin kiɗansa. A kundinsa Eastern Sounds na 1961 ya busa obo, wadda ƙanwar algaita ce ta wajen ƙira, domin dukkansu da 'yan beli biyu masu kaɗawa suke ba da sauti. Shi kansa bai son a kira kiɗansa jaz, yana ganin kalmar ta ƙasƙantar da shi.

Daga 1981 zuwa 1985 Lateef ya zauna a Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya sa a gaba shi ne sarewa, ita wannan dai da makiyaya ke busawa a bayan shanu a dazukan Gwaram da Birnin Kudu, wadda mu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Mutumin da ya yi wasa a manyan zaurukan Amurka da Turai, yana da shekara sittin da ɗoriya, ya zauna gaban masu sarewa yana tambaya yana rubutawa. A 1983 ya ɗauki kundin In Nigeria a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, aka fitar da shi a 1985, kuma cikin kiɗe-kiɗen da ke ciki akwai wanda ya sa wa sunan dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, Drama Village, da wani mai sunan Hausa, Ruwa Maizurufi. Bayan komawarsa gida ya sami lambar Grammy a 1988, ya ci gaba da koyarwa a jihar Masacusets, ya kuma rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93.

Wanda zai saurari Lateef ya fara da The Plum Blossom, kiɗan farko a Eastern Sounds. Abin da yake busawa a ciki wata 'yar tukunyar yumɓu ce ta ƙasar Sin, mai kamar ƙwai, wadda sautukanta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da waɗannan 'yan sautuka yake juyawa yana sake juyawa har kusan minti biyar, fiyano yana biye da shi a hankali.